Kawu Sallau, Manajan Aradu

Duk Tudun Jukun babu wanda bai san Kawu Sallau ba. Wanda ya ce bai san shi ba, to kurma ne. Mutum ne da in jirgin sama ya wuce zai ɗaga masa hannu, ya juyo ya ce muku matuƙin abokinsa ne. In aka yi ruwa, ya ce tun jiya ya faɗa. In hadarin ya watse, ya ce ai dama ya faɗa. Ƙanen mahaifiyarmu ne, ciki ɗaya, don haka babu halin in ce ban san shi ba. Sana'arsa kuwa, tun ina goye nake jin ana cewa yana shirin fara wani abu.

Abin bai samu ba sai da ƙanena Nazifi ya ciyo kofi.

Nazifi tun yana ɗan shekara tara ya liƙe wa wasan tanis a tsohon kulob ɗin nan na bayan layin dogo. Wani dattijo ne ya ɗauke shi, Koci Bitrus, mutum mai ƙarancin magana kamar ana sayar masa da ita. Ni nake raka shi kullum da sassafe kafin makaranta, in zauna a benci ina gyangyaɗi, shi yana ta bugu. Kuma tsakani da Allah yaron yana da hannu. Ga ƙafa kamar barewa. Lokacin nan in Kawu ya gan mu da raket sai ya taɓe baki ya ce, “Har yanzu ba ku gama kashe sauron ba?”

Yana shekara goma sha uku aka kai su gasar yara a Kaduna, ya kakkaɓe kowa, ya dawo da kofi. Jarida ta buga hotonsa. Rediyo ta kira shi hira. Washegari ko karyawa ba mu yi ba sai ga sallamar Kawu, da baƙin tabarau, da jaka a hammata wadda na tabbata babu komai a ciki sai carbi da cajar waya.

Ya zauna ya gyara murya. “Yaya, kin san abin da Allah ya ajiye miki a gidan nan?”

Umma ta ce, “Me fa?”

“Zinariya! Ita kuwa zinariya ba a barinta a hannun mai sharar fili. Daga yau ni ne manajansa.”

“Sallau, me ka sani a wasan nan?”

“Ni? Yaya, ni kike tambaya? Ai jinin nan daga wajena ya ɗauko. Ba don ciwon kafaɗa ba da yanzu a talabijin kuke ganina.”

Na ce, “Kawu, wace kafaɗar?”

Ya ce, “Ke Suwaiba, manya na magana.”

Babanmu direban babbar mota ne, sai ya yi wata biyu bai kwana gida ba. Da Umma ta kira shi, cewa ya yi duk abin da suka yanke daidai ne. Shi ke nan, kura ta samu ajiyar nama.

Abin da Kawu ya fara yi shi ne sauya wa yaro suna. Wai Nazifi ba sunan zakara ba ne, sunan mai sayar da katin waya ne. Ya raɗa masa Aradu. Kafin sati biyu hoton Aradu ya cika garin Zariya, jikin katanga, bayan Keke, har ƙofar banɗakin tasha. Mai aski ya sa wa shagonsa sunansa. Mai shayin bakin layinmu ya ƙirƙiro wani haɗi, ƙwai huɗu da rabin burodi da madara har cokali ya tsaya, ya ce sunansa Haɗin Aradu, kuma zakara da manajansa kyauta suke sha. Kawu bai taɓa fashi ba.

Sai gayyata ta ɓarke. Bikin wane, sunan wance, buɗe shagon takalma, rabon kyaututtuka a makarantar da ko filin wasa ba ta da shi. Ko'ina a kai Nazifi kujerar gaba da raket a hannu, ya miƙe ya kaɗa shi a iska, fuu, fuu, a yi tafi, a kawo shinkafa da kaza. Kawu na gefe yana amsa gaisuwa yana nannaɗe cinya a leda. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai a nan ita ma kurar ƙiba take yi.

Yaron da na sani da kunya ya koma wani abu daban. Tafiya ta sauya, kafaɗa ɗaya sama ɗaya ƙasa, kamar an rataye masa jarka. Murya ta koma ta hanci. Wata rana a kasuwa na ƙwala masa kira, sai ya matso ya rage murya.

“Yaya Suwaiba, ki daina ce min Nazifi a gaban masoya.”

Na ce, “To ranka ya daɗe, Umma ta ce ka biya ka karɓo niƙa.”

Atisaye kuwa tuni ya zama tarihi. Wanda ya kai yamma yana cin kaza ina zai iya gudu da sassafe? Koci Bitrus ya aiko sau uku, shiru. Ran nan ya tako da kansa har gida, ya tarar da Kawu a zaure yana duba sabon hoton da za a buga.

Koci ya ce, “Akwai gasa a Jos wata mai zuwa. Ya kamata yaron nan ya dawo fili.”

Kawu ko ɗago kai bai yi ba. “Ba za mu ba.”

“Me ya sa?”

“Malam Bitrus, kai wasa ka sani, ni suna na sani. In ya je ya ci, a ce ai dama zakara ne. In aka ci shi, suna ya zube. To ina ribar? Zakara ba ya shiga ƙananan gasa. Muna jiran babba.”

“Tanis ƙafa ce, ba fuska ba. In ya bar ta, za ta bar shi.”

“Hassada ga mai rabo taki,” in ji Kawu, ya juya wa Nazifi hoton. “Aradu, wannan ko wancan?”

Koci ya dubi Nazifi. Nazifi ya dubi hoto. Dattijon ya sa hularsa ya fita.

Haka aka shafe shekara biyu. Aradu na ta tsawa, ba a ga ruwa ba.

Sai wata Laraba aka kira Umma a waya. Wata mata ce, Madam Ronke, daga wata makarantar horar da 'yan tanis a Legas. Ta ce ta ga wasan Nazifi a Kaduna shekara biyu da suka wuce, bai fita ranta ba. Suna ɗaukar yara har zuwa shekara goma sha shida, karatu da horo da wurin kwana duk a kansu, kuma gurbi ɗaya ya rage. Za ta zo Zariya ranar Asabar ta sama. Sharaɗinta ɗaya ne, ta gan shi da idonta ya buga zagaye guda da wani daga cikin masu riƙe da kofi a kulob.

Umma ta ajiye waya ta fashe da kuka. Ta daɗe tana tunanin yadda karatun yaron nan zai kasance, ga shi Allah ya kawo har ɗaki. Ta ce, “Nazifi, ka riƙe wannan da hannu biyu, irinta ba ta zuwa sau biyu.”

Da yamma na leƙa bayan gida na ga zakara ya ɗauko raket yana buga wa katanga. Minti goma bai cika ba ya dafa gwiwa yana haki kamar injin markaɗe ya shaƙe. Wandon wasansa ma ya ƙi hawa, ya tsaya a cinya yana neman sulhu. Da Kawu ya zo, ya ja shi gefe, murya ta dawo ta Nazifin da.

“Kawu, wallahi akwai matsala. Numfashina ba ya kaiwa. Ko in koma wajen Koci kwana goman nan?”

“Ka koma ina? A ce Aradu na koyon wasa? Bar ni da su. Matar nan cewa ta yi mai kofi, ko? Ta faɗi wane kofi?”

“A'a.”

“To ka je ka sha shayinka.”

Washegari Kawu ya nufi kulob, ya ce in raka shi don ni na san hanya. Ku ji fa, manajan shekara biyu. Muka shiga, ya tsaya gaban allon da ake rubuta sunayen masu kofi. Suna uku ne. Na farko wani soja ne. Muna tsaye ya yi wani bugu a fili, fau! Ƙwallon ta daki wayar shinge har tsatsa ta zubo. Kawu ya haɗiye yawu ya ce, “Wannan ba shi da tarbiyya.” Na biyu ɗalibin jami'a ne, dogo kamar falwaya. Kawu ya ce, “Wannan ma a bar shi, karatu ya yi masa yawa.” Ya sa yatsa a kan na uku.

“Hajiya Dije Matiron. Kofin dattijai. Wace ce wannan?”

Kamar an kira ta, sai ga wata tsohuwar mota ta tsaya. Aka buɗe ƙofa. Ƙafa ɗaya ta fito, an naɗe gwiwar da bandeji. Aka jima. Ɗayar ta fito, ita ma a naɗe. Sannan mai ƙafafun ta biyo baya tana cewa “Wash, ya Allahu.” Shekararta sittin da ɗaya, tsohuwar shugabar ma'aikatan jinya, gajera mai jiki, da ɗan hijabi iya kafaɗa da tabarau mai igiya.

Fuskar Kawu ta washe kamar an ce masa gobe Sallah. Ya ruga ya karɓar mata jaka.

“Hajjaju makkatu! Sannu da ƙarfin hali. Ni ne Manaja Sallau, mai kula da Aradu.”

Ta dube shi ta saman tabarau. “Aradu kuma? Da rani?”

“Zakaran nan dai, Nazifi. Wata alfarma muke nema. Ranar Asabar ta sama manyan baƙi za su zo daga Legas, muna so ki ɗan tsaya masa a fili. Ba wani abu za ki yi ba, tsayuwa ce kawai.”

“Tsayuwa kawai.”

“Ita ke nan. Kuma kada ki ji tsoro, zan ja masa kunne ya bi ki a hankali. In kin ga ƙwallo ta taho da ƙarfi, ki kauce abinki, babu wanda zai ga laifinki. Girma ya riga ya zo.”

Hajiya ta kalle shi, irin kallon da take yi wa majinyacin da ya ce ya sha maganinsa alhali ga shi a ƙarƙashin filo. Can ta ce, “Allah ya kai mu Asabar ɗin.”

A hanya Kawu har da tsalle. “Kin ga aikin manaja? Kai ake amfani da shi, ba ƙafa ba.” Ni dai na san wani abu guda. Shekara huɗu ina zama a bencin nan, ban taɓa ganin Hajiya Dije ta yi gudu ba, ban kuma taɓa ganin ƙwallo ta wuce ta a cikin fili ba. 'Yan kulob Katanga suke ce mata. Na buɗe baki zan faɗa, na tuna manya ne ke magana.

Ranar Asabar tun ƙarfe tara kulob ya ga abin da bai taɓa gani ba. Shi wasan tanis, in ana yinsa ko tari mutum zai yi sai ya nemi izini. Kawu ya kawo rumfa biyu, da lasifika, da bas biyu cike da 'yan unguwa, da mai shayi da mai aski, da wani ƙaton kofi da ya sayo a kasuwa don a miƙa wa Aradu in an gama. Sannan ya ɗauko Illo, makaɗin 'yan dambe, da yaransa uku da kalangai. Umma ta ce ita zuciyarta ba za ta iya kallo ba, tana gida tana addu'a.

Madam Ronke ta iso, siririya, da ɗan littafi da biro. Kawu ya tare ta da wani Turanci da ya kwana yana haɗawa, ya fara da barka da zuwa ya ɓuge da barka da rabuwa. Ta bari ya gama tas, sannan ta ce, “Sannu Alhaji, mu yi Hausa kawai. A Sabon Gari aka haife ni.”

Ta dubi rumfa, ta dubi makaɗa, ta dubi Hajiya da ke zaune tana shafa man zafi a gwiwa. Ta juya wajen Koci Bitrus, wanda shi aka sa alƙalanci. “Da wannan zai buga?”

Koci ya ce, “Kofi gare ta.”

“Amma...”

“Ki dai zauna, Madam. Za ki ga duk abin da kika zo gani.”

Koci ya hau kujerar alƙali ya roƙi a yi shiru. Kawu ya ɗauki makirufo ya ce wasa ba kiɗa ai zaman makoki ne. Aka fara ja-in-ja, sai Hajiya ta ɗaga raket ta ce, “Ku bar su su kaɗa. Na yi shekara talatin a ɗakin haihuwa, ƙara ba ta dame ni ba.”

To bari in gaya muku dokar wasan nan, don ba ta da wuya. Raga ce a tsakiyar fili. Ka buga ƙwallo ta tsallake ragar, ta sauka cikin layi a gefen abokin wasanka. In ta daki raga, ka faɗi. In ta fita layi, ka faɗi. Ko akuyar da ke kiwo a bayan kulob ta san wannan. Abin da ban sani ba sai ranar, Kawu Sallau bai taɓa kallon wasan tanis daga farko har ƙarshe ba. Ranar Kaduna ba ya nan. Bayan nan kuwa shi da kansa ya hana a buga. Duk iliminsa na ƙwallo a gidan kallon ƙwallon ƙafa ya samo shi. Haka ma bas biyun da ya kwaso.

Nazifi ya fito cikin sababbin fararen kaya, cikin nan ya ɗan turo riga. Illo ya saki kalangu. “Aradu mai faɗuwa ba sallama! Na Sallau, gagara gasa! Ga ɗan yaro, ga tsohuwar da ba ta san gudu ba!”

Nazifi ya cilla ƙwallo sama, ya tattara ƙarfin Haɗin Aradu na shekara biyu, ya maka. Fau! Ƙwallo ta tafi kamar harsashi ta nutse a tsakiyar raga, tim.

Kawu ya daka tsalle, hula ta faɗi. “Ta shiga! Ta shiga raga! Jama'a, bugun farko!”

Rumfa ta kaure. Mai shayi ya rungume mai aski. Illo ya ƙara wa kalangu wuta.

Nazifi ya juyo ya dubi Kawu, baki buɗe. Ya sake bugawa. Fau! Tim. Raga.

“Biyu! Biyu ba ko ɗaya! Hajiya ko motsi ba ta yi ba!”

Gaskiya ne, ba ta motsa ba. Tana tsaye ta dogara da raket kamar mai jiran Keke. Koci yana faɗin maki daga kan kujera, amma ina, kalangu ya cinye muryarsa. A ɗaya gefen, 'yan kulob sun jeru a benci, soja ya cusa tawul a baki, kafaɗunsa na rawa.

Da Nazifi ya samu ya tsallakar da ita, sai ta wuce layi da taku biyar, ta daki waya. Hajiya ta bi ta da kallo ta ce, “A sauka lafiya.”

Kawu ya ce a lasifika, “Ta wuce ta! Wallahi ko ganinta ba ta yi ba! Aradu, na ce ka tausaya!”

Na matsa kusa da shi na ja hannun rigarsa. Ko ba komai ƙanena ne a fili. “Kawu, ragar nan fa ba a...”

Ya kare makirufo da hannu. “Ke, yi mana shiru! Me mace ta sani a harkar ƙwallo?”

Na dubi Madam Ronke, na dubi Hajiya Dije. Na koma na sayi dafaffiyar gyaɗa na gyara zama.

Da bugu ya dawo hannun Hajiya sai aka ga salo. Ita ba ta maka. Ɗan taɓawa take yi, ɗas, ƙwallo ta tashi sama kamar za ta gaida gajimare, ta yi ta shawagi, mutum ya je ya sha ruwa ya dawo, sannan ta sauka daidai kan layin baya. Nazifi ya ruga baya. Ta ɗan taɓa, ɗas, ta sauke ta nan gindin raga. Ya rugo gaba. Ta mayar dama. Ta mayar hagu. Yaro ya zama kamar kazar da aka biyo za a yanka, ita kuwa duk tafiyarta ba ta wuce faɗin tabarma ba. Har tana ba shi shawara.

“Numfasa ta hanci, ɗana. Lanƙwasa gwiwa. Ai da ka iya.”

Haushi ya kama shi, ya ƙara ƙarfi. Fau, tim. Fau, tim. Kowace tim, rumfa ta tashi. Ya ɗaga wa Kawu hannu biyu yana roƙon ya yi shiru, Kawu ya ce, “Ga shi yana gaishe ku, jama'a! A tafa wa zakara!” Aka tafa. Na ga idon yaron ya kawo ruwa. Nan gyaɗar ta ɗan fita raina.

Minti ashirin da biyu aka yi. Ƙwallon ƙarshe ta sake kwanciya a raga, Nazifi ya zube a kan gwiwoyinsa, farar riga ta koma ruwan ƙasa. Hajiya ta tako a hankali ta miƙa masa hannu ta saman raga, ta kama wuyan hannunsa ta duba agogo, ta ce a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan.

Kawu bai jira komai ba. Ya sungumi kofin kasuwa ya faɗa tsakiyar fili, igiyar makirufo na binsa. Ya ɗaga wa Illo hannu, kiɗa ya tsaya.

“Jama'a, kun gani da idonku! Yaro har sujadar godiya yake yi! Hajiya, ki yi haƙuri, haka wasa yake, wata rana sai labari. Madam, ni da kaina na ƙirga. Sau goma sha tara yana zura ta a raga! Ita Hajiya ko sau ɗaya ba ta taɓa ragar ba!”

Madam Ronke ta ce, “Haka ne. Ni ma goma sha tara na rubuta.”

“Kun ji ko! Kuma bari in faɗa a gaban kowa, duk abin da kuka gani yau, aikina ne. Shekara biyu yana hannuna, babu wanda ya sa min baki.”

“Har da bugun ragar?”

“Musamman ma shi!”

Soja ya faɗo daga benci. Koci Bitrus ya sauko daga kujera, ya zo ya ɗan sunkuya a kan makirufon da ke hannun Kawu, ya yi maganar da ta fi kowace tsawo a rayuwarsa.

“Hajiya Dije ta ci, shida da nema. A tanis tsallake raga ake yi. Duk wadda ta shiga raga, makin na abokin wasa ne.”

Tsit. Har kukan kurciya aka ji daga kan dalbejiya.

Mai shayi ya saki mai aski. Wani daga bayan rumfa ya ce, “Wai duk ihun nan da muka yi, cinmu ake yi?” Illo ya sauke kalangu ya ce, “Manaja, to yanzu wa muka yi wa kiɗa?”

Kawu ya dubi kofi, ya dubi raga, ya dubi jama'a. Gumi ya keto masa ta ƙarƙashin tabarau. Amma kun san mai baki ba ya mutuwa da wuri.

“Eh to... ai na sani. Gwada ku nake yi. Sabuwar doka ce, ba ta daɗe da zuwa ba. Kuma ragar nan an ɗaga ta, tun da na shigo na lura. Kuma rana tana idonsa.”

Hajiya ta ce, “Mun yi musayar gefe sau uku, Manaja. Ko ranar ma binsa take yi?”

Madam Ronke ba ta bi ta kansa ba. Ta je ta tsuguna gaban Nazifi ta rufe littafinta. Ta yi magana a hankali, amma wurin ya yi shirun da kowa ya ji.

“Yaron da na gani a Kaduna na zo nema, ban same shi ba. Gurbin bana ya wuce ka.”

Nazifi ya sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan raket. Ni kuma Umma na tuno, tana can kan sallaya.

Madam ta ce, “Amma hannun yana nan, na gan shi sau biyu ko uku. Baɗi ne shekararka ta ƙarshe. Abu ɗaya ne ya yi maka nauyi. In an cire maka shi, ka koma fili gobe da sassafe, zan sake zuwa.”

Kawu na jin haka ya farfaɗo kamar an yayyafa wa alayyafo ruwa. Ya ajiye kofi ya matso da gudu.

“Kun ji ko, jama'a! Abu ɗaya ne kacal! Madam, faɗe shi. Tumbin ne? Shayin ne? Ko takalmin? Ko mene ne, na rantse a gaban mutanen nan, yau ɗin nan zan cire shi da hannuna in jefar a bola!”

Madam ta ce, “Alhaji, bari mu yi maganar a gefe.”

“Babu gefe! Ni ba na ɓoye-ɓoye. Faɗa a nan kowa ya ji!”

Ya ce wa mai lasifika ya ƙure murya. Ya kai makirufon har bakinta, ya riƙe mata da hannu biyu, yana yi wa jama'a murmushi.

Ta dube shi daga hula har takalmi, ta ce, “Kai ne.”